Safiyar da Shanu Suka Shiga Gandun Bedi

Talata, 3 ga Afrilu, 1973. Bayan azahar.

Shanu sun shiga gandun dashenmu da safiyar yau.

Wannan littafin malamin daji na Kankiya ya ba ni shi bara da damina, ranar da mutanen unguwarmu, nan gabas da Dudunni, suka ce ni Sada in riƙa kula da gandun, tunda na yi ajin yaƙi da jahilci. Ya ce in riƙa rubuta itacen da suka kama da waɗanda suka mutu. Yau na juya littafin ta baya. Abin da zan rubuta nan ba nashi ba ne.

Itace ɗari huɗu muka dasa a arewacin unguwa, inda rairayi ke cinye mana gonaki. Bedi ya fi yawa, wanda malamin ke ce wa darbejiya, sai gawo da ɗan mangwaro. Kowane gida da layinshi. Wata takwas muna ɗaukar masu ruwa da tulu, a shekarar da gero ya bushe tsaye bai yi ido ba. Yau na ƙirga sau biyu. Ɗari da sittin da uku an cinye masu kai ko an tattake su. Layin Inna Tani, tsohuwar nan da ba ta da kowa, ko ɗaya bai tsira ba.

An iske ƙayar da muke toshe ƙofa da ita a janye gefe.

Shanun Bubayero ne. Rugarsu a gonata take sauka kowane rani tun zamanin iyayenmu, su bar mana taki, mu ba su kara. Tare muka koyi harbin kurciya ni da shi.

Laraba, 4 ga Afrilu. Da hantsi.

An taru ƙofar gidan Mai unguwa Babba. Ɗanmaliki, wanda layin gidanshi ya rasa sha ɗaya, shi ya fi kowa ɗaga murya. Ya ce matarshi da goyo a baya take ɗauko tulu daga rijiya, ashe Fulani take yi wa noman ciyawa.

Bubayero yana tsaye, sanda a kafaɗa. Mai unguwa ya ce mashi, "Kai ka janye ƙayar?"

Ya ce, "Shanuna suka ci, ranka shi daɗe."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

"Shi ne abin da zan iya hwaɗi."

Sai Mai unguwa ya juyo gare ni. "Sada, ran Litinin da magariba ka toshe ƙofar?"

Na ce na toshe. Kuma wallahi na toshe. Ran Litinin aka tambaye ni.

Bubayero bai dube ni ba ko sau ɗaya har aka watse.

Alhamis, 5 ga Afrilu. Bayan la'asar.

Hannuna na dama ya kumbura. Ƙaya ce ta karye a ciki.

Juma'a, 6 ga Afrilu. Da safe.

Hawwa'u matar Bubayero ta kawo madara kamar kullum, sai dai yau ta bayan danga ta zagayo don kada a gan ta.

Nonon Kulu matata ya ɗauke tun watan jiya. Abincin da take samu bai kai ya zama nono ba. 'Yarmu Haulatu watanta huɗu. Biyu muka binne kafin ita. Cikin duk garken Bubayero saniya ɗaya ta rage da ake tatsa, wata ja mai karyayyen ƙaho, ita ma abin da take bayarwa bai cika ludayi uku ba. Biyu daga ciki gidanmu suke zuwa.

Kulu ta karɓa ta yi godiya. Da Hawwa'u ta tafi sai ta kama hannuna ta cire ƙayar da allura. Ta ɗaga ta ga haske, ta ce, "Wannan ta bagaruwa ce." Da reshen bagaruwa muke toshe ƙofar gandun. Ta jefar da ita cikin murhu, ta koma ga ɗiyarta.

Lahadi, 8 ga Afrilu. Bayan la'asar.

Na yi zagayen gandu. Waɗanda suka tsira suna nan lafiya.

Dabarar da muka yi har yanzu tana aiki. Gindin kowane dashe mun binne tsohon tulu mai tsaga, a cika shi, ya yi ta tsatsa a hankali kwana uku. Ruwan alwala na masallaci ba ya zuba ƙasa, kasko muka ajiye yana tarawa. Ruwan wanke tsaba, ruwan ɗauraye ƙwarya, duk nan mata ke kawo shi. Mun kuma yi alkawari gaban Liman cewa ba wanda zai ƙara sarar ɗanyen itace a unguwar nan, kara da kashin shanu za mu riƙa hurawa. Ni na fi kowa tsananta wa mutane a kan wannan. Har tsoho na taɓa ƙwace wa gatari.

Saboda damshin tulunan, ciyawa ta fito kore shar tsakanin layuka. Daga nan har Kusada babu wani kore sai shi. Duk mai ido ya gani. Duk kuma wanda ya ga haƙarƙarin jar saniyar nan yana ƙirguwa daga nesa, ya san kwana nawa suka rage mata, ya kuma san abin da zai biyo baya a wani gida in ta faɗi.

Bari in tsaya nan.

Talata, 10 ga Afrilu. Da hantsi.

Na iske Inna Tani a layinta tana zuba ruwa a gindin kututturai. Rabin tulu take iya ɗauka, sai ta huta sau uku kafin ta iso.

Na ce, "Inna, waɗannan ai sun mutu."

Ta ce, "Na sani, ɗan nan. To ina zan kai ruwan? Ƙafata ta saba da hanyar."

Na karɓi tulun na ƙarasa mata. Ta yi ta sa mani albarka, ta ce da kowa irina ne da unguwar nan ta zama kurmi. Na rasa inda zan sa fuskata.

Alhamis, 12 ga Afrilu. Bayan azahar.

Rijiya ta ƙara ja. An ƙara wa igiya gaba biyu, abin da guga ke fitowa da shi rabinshi laka ne.

Ɗanmaliki da samari sun tsaya bakin rijiya, sun ce shanun ruga ba za su sha ba sai kowane gida ya gama, sai gandu ya sha. Da aka gama rana ta take. Shanu biyu sun durƙusa nan bakin kwami, ɗaya aka tada da ƙyar, ɗayar sai yanka ta aka yi. Ba jar ba ce. Na kama kaina ina cewa alhamdu lillahi, sai na ji kunyar kaina.

Ina tsaye da tuluna ina kallo.

Lahadi, 15 ga Afrilu. Da la'asar.

Maulidi. Ba a yi tuwon sadaka ba bana. Liman ya yi wa'azi a kan amana, na ce cikina ke ciwo, na taso.

Talata, 17 ga Afrilu. Bayan azahar.

Malamin daji ya zo daga Kankiya a kan kekenshi. Ya zagaya gandun yana girgiza kai. Ya ce in damina ta sauka za a sake ba mu iri, amma sai ya tabbata abin ba zai maimaitu ba, don unguwanni da yawa suna jira, har mutanen Sukuntuni sun nema. Wani saurayi ya ce a bar mu da itace, itace ba ya cika ciki, shi Kaduna zai tafi inda aka ce arzikin mai ya sa ana ɗaukar lebura kullum. Malamin ya ce mashi ya tafi, amma in ya dawo zai iske rairayi ya kai ɗakin uwarshi.

Sa'an nan ya dafa kafaɗata gaban kowa, ya ce a duk gandunan da yake zagayawa bai ga mai riƙon amana kamar Sada ba.

Bayan ya tafi Mai unguwa ya yanke magana. Rugar Bubayero ta tashi daga ƙasar unguwar nan kafin sallar Juma'a ta sama, ashirin da bakwai ga wata, kuma kada su sake sauka nan ko da an yi ruwa. Shekara fiye da arba'in suna sauka.

Ban ce komai ba.

Laraba, 18 ga Afrilu. Da safe.

Na kama hanyar gidan Mai unguwa. Na kai gindin tsamiya na dawo.

Alhamis, 19 ga Afrilu. Da safe.

Yau ma.

Asabar, 21 ga Afrilu. Bayan la'asar.

Mun yi kiciɓis da Bubayero a gonata. Yana tsintar 'ya'yan gawo da suka faɗo yana zubawa cikin hula, don dokarmu ta hana shi sarar reshe, kuma bai sara ba, ko da shanunshi ke mutuwa.

Muka gaisa kamar baƙi. Ya tambayi jikin Haulatu. Na ce da sauƙi.

Sai ya dubi ƙafata ya ce, "Har yanzu wannan takalmin tayar kake sawa? Na hagun diddigenshi ya cinye."

Na ce e.

Ya ce, "Sawunshi ba ya ɓacewa." Ya juya hular a hannunshi. "Ran nan da na dawo daga neman ruwa na iske igiyar jar saniya ba tsinkewa ta yi ba. Kwance ta aka yi, aka naɗe, aka rataye a turke. Ɓarawo ba ya naɗe igiya."

Na buɗe baki. Ya ɗaga hannu.

"Ban tambaye ka ba, Sada. Ni ba a gabana za ka yi magana ba."

Ya ci gaba da tsintarshi. Na tsaya nan har inuwata ta yi tsawo, sa'an nan na taho gida.

Litinin, 23 ga Afrilu. Da hantsi.

Shida sun ƙara bushewa cikin waɗanda aka taka. Saura ɗari biyu da talatin da ɗaya.

Talata, 24 ga Afrilu. Bayan azahar.

Ina ta lissafa wa kaina dalilai. In aka cire ni daga gandun, wa zai kula da shi? Ɗanmaliki bai san bedi mai ƙishi da mai ciwo ba. Ruga kuma ko ba a kore su ba ai babu ciyawa, tafiya za su yi. Dalilan duk gaskiya ne. Na rubuta su, na karanta, ko ɗaya bai sa na iya haɗiye tuwo ba.

Laraba, 25 ga Afrilu. Da safe.

Hawwa'u ta kawo madara. Idonta ya faɗa. An fara kwance bukkokinsu.

Kulu ta fito, ta dubi ƙwaryar, ba ta miƙa hannu ba. Ta ce, "Yaya Hawwa'u, koma da ita. Allah shi saka maki. Yau ba za mu karɓa ba."

Hawwa'u ta ce, "Subhanallahi, Kulu, yarinyar fa?"

"Koma da ita dai."

Da ta fita na ce wa Kulu ko ta haukace. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, ran Talatar nan da ka dawo daga masallaci ba rijiya ka fara zuwa ba, na ga inda ka bi. Kwana ashirin da biyu ina ɗura wa ɗiyata madarar mutanen da ake kora saboda ita. Kullum in ba ta, kullum in ji kamar sata nake ba ta. Na gaji."

Na ce, "Don ita na yi."

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa ban tsane ka ba. Amma ka tahi ka hwaɗi."

Alhamis, 26 ga Afrilu. Bayan la'asar.

Ruwan koko aka tace aka ba Haulatu, ta amayar. Tun safe take kuka, yanzu muryar ta dushe. Kulu tana jijjiga ta tana hawaye, ba ta dube ni ba.

Gobe Juma'a.

Juma'a, 27 ga Afrilu. Bayan la'asar.

Na faɗa.

Da hantsi na je ƙofar Mai unguwa, mutane na zaune ana shirin tafiya Dudunni sallar Juma'a. Ban zauna ba, don na san in na zauna ba zan tashi ba. Na ce, "Ranka shi daɗe, ni na janye ƙayar."

Na ba su labarin duka. Ran Talatar bayan sallar asuba na je gonata, na iske Bubayero ya fita neman ruwa, na kwance jar saniyar na kai ta gandun don ta ci ciyawar da ke tsakanin layuka, ita kaɗai, na ɗan lokaci. Na mayar da ƙayar amma ban danne ta da dutse ba. Na ce bari in ɗebo tulu ɗaya in dawo in fitar da ita. A rijiya na iske layi, guga kuma ya faɗa ciki, aka yi ta fama. Kafin in dawo sauran garken sun ji ƙanshin ciyawa sun bi ta. Da na hango su sai na ajiye tulun, na zagaya ta bayan gari, na fito tare da masu kururuwa kamar yanzu nake ji.

Wannan na ƙarshen shi ya fi mani wuyar faɗi. Ban taɓa rubuta shi ba ma sai yau.

Ɗanmaliki ya miƙe, na ɗauka duka zai kai mani. Ya ce, "Kai ne kake ƙwace wa tsofaffi gatari? Kana tsaye muka hana dabba ruwa har ta mutu, kana kallo?" Ya tofar da yawu gefen ƙafata ya tafi.

Mai unguwa ya daɗe yana jan carbi. Ya ce an cire ni daga kula da gandun. Ya ce ramukan da aka rasa duka ni zan haƙa su da hannuna kafin ruwa ya sauka, in an kawo iri ni zan dasa, ni zan ba su ruwa rani mai zuwa, ba gidan da zai taya ni. Sa'an nan ya ce in wuce gaba mu je ruga, shi da kanshi zai ba Bubayero haƙuri.

Mun iske sun gama ɗaure kaya a kan takarkari. Mai unguwa ya yi magana mai kyau, ya ce an zalunce su, gonar tasu ce, rijiyar tasu ce. Bubayero ya durƙusa ya yi godiya. Ya ce amma tafiya ba fashi, saura shanu goma sha tara, in ya ƙara sati ba zai sami waɗanda za su iya taka ƙasa ba. Kudu za su yi, wajen Zariya, inda aka ce an fara yayyafi.

Mai unguwa ya ja baya ya bar mu mu biyu.

Na ce, "Bubayero, ka gafarce ni."

Ya ce, "Saniyata ka ciyar, ɗiyarka ka so. Wannan ban taɓa riƙe ka da shi ba." Ya gyara ɗaurin wata ƙwarya da ba ta buƙatar gyara. "Kwana ashirin da huɗu, Sada. Kowace safiya in na ga mutum ya ɓullo ta wajen tsamiya sai in ce kai ne. Mutanen gari ban ji zafinsu ba, ba su sani ba. Kai na jira."

Na ce, "Za ku dawo baɗi?"

Ya ce, "In shanu sun rayu za mu gani."

Bai ba ni hannu ba. Bai kuma juya mani baya da fushi ba. Ya yi wa garken kira, suka bi shi, jar tana can ƙarshe tana ɗingishi. Hawwa'u ta biya ta gidanmu ta bar wa Kulu tatsar yau. Wannan karon Kulu ta karɓa, suka rungume juna suna kuka.

Ban je Juma'a ba.

Asabar, 28 ga Afrilu. Bayan azahar.

Madarar ta ƙare. Na yi wa mutum biyar sallama a hanyar rijiya, biyu suka amsa.

Lahadi, 29 ga Afrilu. Da hantsi.

Matar Ɗanmaliki ta shigo gidanmu da goyonta. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba, ta zauna bakin ɗaki ta ce wa Kulu, "Miƙo ta nan." Ta sa Haulatu a nono. Yarinyar ta kama kamar za ta cinye ta, ta sha har barci ya ɗauke ta. Matar ta ce za ta riƙa zuwa safe da yamma.

Na fita na iske Ɗanmaliki tsaye a ƙofar gida, shi ya rako ta. Na fara godiya, ya katse ni.

"Ba don kai ba ne. Kukanta ke hana mu sakat."

Ya ƙi shiga zaure. Amma ya jira har matarshi ta fito.

Talata, 1 ga Mayu. Bayan la'asar.

Rami goma sha huɗu jiya, goma sha biyu yau. Ƙasar kamar dutse. Tafin hannuna duk ya fashe. Hadari ya taso ta gabas ya watse.

Ba labarin su Bubayero.

Alhamis, 3 ga Mayu. Bayan azahar.

Yau na kai ga layin Inna Tani. Ita nake tsoro fiye da kowa, don tun ran Juma'a ba mu haɗu ba.

Ina cikin haƙa sai ga ta da 'yar kujerarta a ka. Ta ajiye ta zauna daf da ni. Na bar sungumi na durƙusa zan yi magana, ta ce, "Tashi, an riga an gaya mani. Albarkar da na sa maka ran nan ba zan karɓe ba, ta riga ta hita baki. Amma na ji ciwo, ɗan nan. Ka sani na ji ciwo."

Na ce na sani, Inna.

Ta leƙa ramin, ta zura sandarta ta auna. Ta ce bai yi zurfi ba. Na ƙara. Ta sa na cike rami na uku na sake wani, wai ya kauce daga 'yan'uwanshi da taki ɗaya. Rana ta take, zufa na shiga mani ido, na ce mata itace ai bai san layi ba, ko ya kauce zai yi inuwa.

Ta ce, "Ni ba zan kai ga inuwarsu ba, kai ma ka sani. Amma in na mutu mutane za su riƙa wucewa ta nan suna cewa ga layin Tani. Ba na so su ce ya karkace. Haƙa."

Na haƙa.